Tawadar ƙarfe ko ta gawayi: wacce ta dace da rubutun da ake so ya daɗe?

Duk mai rubuta Alƙur'ani da hannu a Sakkwato, ko mai kwafar littafin fiƙihu, ko mai son ajiye ijaza da salsalar gidansu a takardar da jikoki za su gada, sai ya tsaya a kan batun tawada kafin ya feƙe alƙalami. Biro ba ya cikin lissafi, domin launinsa rini ne da rana ke cinyewa. Zaɓin gaske yana tsakanin tawada biyu da malaman ƙasar nan suka daɗe da sani: ta gawayi da ƙaro, da kuma ta bagaruwa da ƙarfe wadda marubuta da yawa ke kira yambari. Kowacce da abin da ke kashe ta. Ta gawayi ruwa ne ajalinta. Ta ƙarfe kuwa in ta bushe ta kama, ruwa ba ya ɗauke ta, amma idan aka kuskure ma'auninta ita ce ke zama ajalin takardar.

Ta gawayi ba ta da wuyar fahimta. A ƙona itace a sami zuge, ko a kankaro kunkunniyar gindin tukunya ko ta fitila, a niƙa ta yi laushi, a dafa da ƙaro, a tace. Babu sinadarin da ya haɗu da wani. Baƙar ƙura ce kawai ƙaro ya liƙa a fuskar takarda. Shi ya sa ba ta koɗewa komai daɗewa, rana ba ta canza ta, kuma ba ta cin takarda. Shi ya sa kuma take wankuwa daga allo da ɗan ruwa kaɗan. Abin da ya sa ta dace da almajiri shi ne aibinta a littafi: ɗigon ɗaki mai yoyo ko yatsa mai gumi ya isa ya shafe layi guda. In ƙaro ya yi kaɗan sai ta riƙa gogewa a hannu. In ya yi yawa sai ta yi sheƙi, ta tsattsage da hunturu, da damina kuma shafuka su manne, a buɗe a tarar rubutun wannan shafi ya koma wancan.

Ta ƙarfe sha'aninta dabam ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin dukawa ya ga asalinta da idonsa: fatar akuyar da majema suka jeme da bagaruwa, da an shafa mata kuloko nan take take yin baƙi. Baurin bagaruwa, wato tanin, shi ne ya gamu da ƙarfen da ke narke a kuloko. Abin da ke faruwa a kurtu ke nan, sai dai a takarda aikin yana tafiya a hankali. Tawadar tana sauka tana ruwa-ruwa, toka-toka, ta nutse cikin zaren takarda. A nan iska ke juya ƙarfen, ya ƙulla da tanin ya zama baƙin da ba ya narkewa, kuma a cikin zare yake, ba a samansa ba. Layin da aka ja da hantsi yana dishi-dishi, washegari ya yi duhu, bayan wasu kwanaki ya kai iyakarsa.

Wannan jinkiri shi ne tarkon. Marubuci ya ga tawada ta fito ba ƙarfi, ya ɗauka ba ta yi ba, ya ƙara ƙarfe. Nan take ta yi baƙi ƙirin, ransa ya yi daɗi, alhali ya zuba abin da zai huda takardar bayan shekaru. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. Da irin tawadar nan Turawa suka yi rubutu tun ƙarnonin tsakiya har cikin ƙarni na 20, kuma rubuce-rubucen hannun mawaƙin Jamus Bach da ke ɗakin karatu na Berlin suna cikin waɗanda tawada ta ci. A 1995 wani masanin sinadarai na ƙasar Holan, Johan Neevel, ya bi tsofaffin ma'aunan haɗa tawada masu yawa, ya nuna mafi yawansu ƙarfen ciki ya fi abin da tanin zai iya riƙewa.

Daga ina bauri, daga ina ƙarfe

Ma'aunin da ke litattafan Larabawa da na Turawa da afsu aka gina shi, wato ƙululun da ke fitowa a jikin itacen ballut, wanda Turawa ke kira oak, idan wani ƙaramin ƙwaro ya saka ƙwai a ciki. Mafi kyawunsa na yankin Halab ne a Siriya, kuma fiye da rabin nauyinsa tanin ne. Da shi ake cewa kashi 3 na afsu, kashi 1 na gishirin ƙarfe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko wannan 3 da 1 a ɗora wa bagaruwa. Bagaruwa, ko an cire 'ya'yan ciki, ba ta kai afsu bauri ba, kuma ƙarfinta yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Mai bin 3 da 1 da bagaruwa ya ninka ƙarfe ke nan bai sani ba. Da ita sai an kai kashi 7 ko 8 kafin a sa ƙarfe kashi 1. Afsu ya fi ba da baƙi mai ɗan shuɗi, bagaruwa ta fi karkata zuwa baƙi mai ruwan ƙasa. Amma bagaruwa tana bakin ƙofa, majema na saye da buhu, kuma ba mu ga dalilin da zai sa marubucin Sakkwato ya jira kaya daga waje ba.

Wajen ƙarfe ne zaɓin ya fi nauyi, don hanyoyi biyu ne kuma kowacce da farashinta.

Ta farko ita ce gishirin ƙarfe, wanda litattafan Larabci ke kira zaj, masu sayar da sinadarai kuma suke kira feros salfet. Ƙanƙara-ƙanƙara ne kore mai haske. In ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan tsatsa, iska ta ɓata shi, a bar shi. Kada a rikita shi da shuɗin da ake yi da tagulla, domin tagulla ta fi ƙarfe saurin cin takarda, kuma kada a daka ƙwayar ƙarin jini a madadinsa, saboda abubuwan da aka cakuɗa da wanda aka lulluɓe ta da shi. Amfanin zaj shi ne ana iya auna shi: ƙarfen da aka zuba a haɗin yau da na bayan wata shida zai zama daidai. Illarsa ita ce lokacin da ƙarfen ya rabu ya kama tanin, abin da ya rage yana zama asid ɗin salfa, mai ƙarfi, wanda ba ya tashi ya bi iska. Yana nan cikin takarda muddin takardar na nan.

Ta biyu ita ce ta gargajiya: kashin maƙera ko tsofaffin ƙusoshi a jefa cikin ruwan bagaruwa, tsamin ruwan ya riƙa narkar da ƙarfen sannu a hankali. A nan babu salfa, don haka babu wancan asid mai ƙarfi, kuma wannan babbar riba ce. Amma ba wanda ya san giram nawa ya narke. Tawadar takan fito ruwan ƙasa-ƙasa, kuma haɗin yau ba ya zama daidai da na gobe, abin da ke bayyana a Alƙur'anin da aka yi watanni ana rubutawa: izifin farko wani launi, na talatin wani. Mafi muni shi ne al'adar barin ƙarfen a tukunya wata da watanni ana ƙara ruwa. Bagaruwa ta ƙare aikinta tuni, ƙarfe kuwa bai daina narkewa ba. Wanda zai bi wannan hanya ya wanke ƙarfen, ya guji ƙusa mai farin shafe da duk abin da ya taɓa tagulla, ya riƙa jan layin gwaji kullum, ranar da layin jiya ya kwana ya yi duhun da yake so ya tsame ƙarfen gaba ɗaya, ya tace.

A ganinmu, mai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya ya ɗauki zaj ya auna. Wanda ba shi da sikeli, ƙusa ta fi masa aminci, domin zaj da ƙiyasin ido shi ne mafi haɗarin duka.

Ga haɗin da ya zauna daidai. A samo bagaruwa busasshiya da ta nuna a bishiya, ba wadda ta kwana a laka ba, a fasa a zubar da 'ya'yan, a daka ɓawon ba lilis ba, a auna giram 80. A jiƙa cikin ruwan sama mililita 600 a kwalba mai faɗin baki ko kwanon samira da bai ɓantare ba. Tukunyar ƙarfe ko ta dalma ba ta yi, kuma ruwan rijiya mai gartsi ko mai kanwa yana dusashe baƙin, ya kwantar da shi ƙasa. A bari kwana 4 zuwa mako. In fumfuna ta taso a sama kada a zubar. Tana farfasa tanin ya koma abin da ya fi saurin kama ƙarfe, a kwashe ta kawai. Mai gaggawa ya dafa a ƙaramar wuta kamar awa guda. A tace sau biyu da ƙyalle mai ƙaramin ido, abin da ya rage ya zama kusan mililita 400. Sai ya huce sarai a narkar da zaj giram 10 cikin ɗan ruwa a zuba a hankali ana juyawa da tsinke. Kada a sake ɗora shi a wuta bayan ƙarfe ya shiga, domin zafi yana sa baƙin ya ƙulla a tukunya maimakon a takarda, ka sami laka a ƙasa da ruwa marar ƙarfi a sama. Daga ƙarshe ƙaron dakwara giram 10, wanda aka jiƙa ya kwana aka tace, da ƙwayar kanumfari uku ko huɗu don hana ruɓa.

Giram 10 na zaj yana ɗauke da ƙarfe kusan giram 2, wato giram 5 ke nan a lita. Tsohuwar ƙa'idar da Jamus ta sa wa tawadar takardun hukuma ta ce ƙarfe kada ya gaza giram 4 kuma kada ya wuce 6 a lita, tanin da danginsa kuma aƙalla giram 27. Ƙarfen haɗin nan yana cikin wannan iyaka.

A zuba a ƙananan kwalabe a cika su fal a toshe, a riƙa ɗiban na yini a kurtu. Kwalba rabi iska ce rabi, kuma iskar da ake so ta yi aiki a takarda za ta yi shi a kwalba. In tawada tana bazuwa gefen harafi, ƙaro ya yi kaɗan ko takardar ba ta da kyau. In tana liƙewa a bakin alƙalami, ƙaro ya yi yawa, a ƙara ruwan bagaruwa, ba ruwa zalla ba. Alƙalamin gamba ba ruwansa da tsaminta. Bakin alƙalami na ƙarfe kuwa tana cin sa, alƙalami mai tsotson tawada kuma ƙaro zai toshe shi.

Akwai gwajin da kowa zai iya a gida kafin ya ba tawada amanar aikin shekara. A ja layuka masu kauri a irin takardar da za a yi aikin da ita, a bari mako guda. A yanki guntu a tsoma a ƙaramin kofin gilashi mai ruwan sama na ɗan lokaci, a cire, a ɗiga ruwan bagaruwa zalla ko shayi mai kauri a cikin ruwan. In ruwan ya juya baƙi-baƙi, akwai ƙarfen da bai sami abokin kamawa ba yana yawo. A ƙara wa tawadar ruwan bagaruwa a sake gwadawa. Don haka yana da kyau a ware ɗan ruwan bagaruwa a kwalba tun farko.

Yadda take tsufa

Abu biyu ne ke aiki tare a cikin layin tawadar ƙarfe. Asid yana tsinka zaren takarda gunduwa-gunduwa. Ragowar ƙarfe kuma yana sa iska ta riƙa ƙona zaren a hankali, kuma shi ba ya ƙarewa: ya juya ya dawo ya sake aiki. Alamar farko da ido ke gani ita ce wata 'yar inuwa ruwan ƙasa mai haske da ke zagaye harafi. Daga nan sai a juya shafi a ga rubutun ya ɓullo ta baya, da fari kamar inuwa, daga baya har ana iya karanta shi a juye. Sai wuraren da tawada ta taru, cikin harafin mimi, ɗigon harafin nuni, wurin da alƙalami ya fara sauka bayan an tsoma, su soma tsagewa. A ƙarshe harafin ya faɗo ya bar rami daidai siffarsa, ka ɗaga takarda ka hango haske ta cikin kalma. Launin kansa yana komawa daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, wannan kuwa ko a tawada mai kyau yana faruwa, ba shi ne abin tsoro ba. Ɓullowa ta baya ita ce abin tsoro.

Yanayin Sakkwato yana taimako ta wani gefe, yana cutarwa ta wani. Asid da ƙarfe ba sa tafiya a busasshiyar takarda, sai da laima. Watannin rani masu yawa suna riƙe su wuri ɗaya. Amma a Agusta laimar iska takan haura kashi 70 cikin 100, kuma da ta wuce 60 zuwa 65 suke soma yaɗuwa daga layi zuwa farar takarda, har zuwa shafin maƙwabci. Sai hunturu ya zo laima ta faɗi ƙasa da kashi 20, takardar da ta raunana ta bushe ƙayau, a lanƙwasa ta ta karye a kan layi. Zafin bazara kuma yana hanzarta duk wannan. Adakar ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano, jingine da bangon da ke tsotsar ruwa, ta haɗa duka ukun.

Takarda ma tana da nata rabo. Tsohuwar takarda mai tambarin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya fatake su ratso Sahara da ita, da tsumman auduga da lilin aka yi ta aka shafe da gam ɗin fata, kuma wannan shafe yana tsare zare. Takardar jarida da ta littafin makaranta mai araha da ma da asid ɗinsu suke zuwa, in tawadar ƙarfe ta hau su abin ya zama biyu. A nemi mai kauri da aka rubuta ba ta da asid, in da hali ta auduga.

To wacce za a ɗauka? Allo da rubutun sha, gawayi da ƙaro kawai. Zaj guba ne in ya yi yawa a ciki, musamman ga yara, kada a wanke shi a ba kowa, kuma a ɗaga kwalbarsa inda hannun yaro ba ya kai. Littafin da za a riƙa buɗewa kullum, ana yawo da shi a gafaka, hannuwa da yawa na taɓawa, tawadar ƙarfe da aka auna ta fi masa. Takardar da za a rubuta a adana a wuri busasshe ba a cika taɓawa ba, ta gawayi ba ta da abokin gaba a can, kuma ba za ta taɓa huda komai ba.

Wasu na haɗa biyun, su zuba ɗan zuge mai laushi a tawadar bagaruwa. Dabara ce tsohuwa kuma mai kyau: gawayi yana ba da baƙi tun a alƙalami, sai sha'awar ƙara ƙarfe ta tafi, in ruwa ya taɓa kuma ƙarfen ya riƙe rubutun. Sai dai baƙin gawayi yana rufe sauyin launi, don haka bayan shafi za a riƙa dubawa.

Na kwalba ma akwai. Diamine Registrar's ta Ingila da Salix ta kamfanin Rohrer & Klingner na Jamus tawadar ƙarfe ce da aka auna aka ƙara mata shuɗin rini don a ga rubutu nan take. An yi su ne don alƙalami mai tsotso, sun yi ruwa da yawa ga gamba sai an ƙara ƙaro. Tawadar Indiya ta masu zane kuma gawayi ce da aka ɗaure da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. Ba ta cin takarda, ba ta wankuwa, amma tana bushewa a bakin alƙalami kuma tana tsagewa in ta yi kauri. Malamai da yawa sun fi natsuwa da abin da suka san duk kayan da ke cikinsa, musamman a rubutun Alƙur'ani, kuma wannan dalili ne da ya isa.

Mai tsofaffin takardun gado a gida kada ya yanke hukunci da launi kaɗai. Ruwan ƙasa ba lallai ƙarfe ba ne, akwai tawadar itatuwa zalla. A duba baya, a duba inuwar gefen harafi. In alamun sun bayyana, a fara ɗaukar hoton kowane shafi gaba da baya. Kada a sa salatif, kada a kai a lulluɓe da roba mai zafi, kada a shafa gam mai ruwa ko ƙullu, domin ruwan ne zai kwashi ƙarfe ya watsa shi ko'ina. A shimfiɗa takardu kwance, a sa farar takarda marar asid tsakanin waɗanda suka fi lalacewa, a ɗaga daga ƙasa da bango, a riƙa ɗaukar shafi a kan kwali maimakon a kama shi ta gefe. Akwai maganin da Neevel ya fito da shi, wanka da sinadarin kalsiyam faitet da ke ɗaure ƙarfe, sai na kalsiyam baikabonet da ke kashe asid, amma na ƙwararru ne, kuma wanka ne cikin ruwa. Takardunmu da yawa suna da jan wasali da ɗorawar hamza da ƙaro kawai ya riƙe, wani wurin ma da gyaran gawayi a gefe, waɗanda wankan zai iya tafiya da su. Kafin a taɓa irin wannan, a kai hotunan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu nan Sakkwato ko Arewa House a Kaduna, masu kula da rubutun hannu su fara gani.